Daktan da Ya Zauna Kan Igiyata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, aka zo mini da labarin Allah ya karɓi abinsa: Dakta ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana huɗu. Ni ko alif ban sani ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Dakta, shekara goma sha ɗaya ke nan da ka ajiye koyar da ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a, ka same ni bakin wata rijiya da nake haƙa, da farar riga da littafi a hammata. Ka ce ka gaji da koyar da ruwan takarda alhali matan unguwarku na yini a layin famfo. Na ce, "Ba da biro ake tambayar ƙasa ba. Ajiye littafin, kama igiya." Na zaci kwana uku za ka gudu. Shekara biyu ka yi kana ja mini guga cike da laka, hannunka ya yi kanta, ban taɓa jin ka ce wash ba.

Rijiya ɗari da sittin da uku na haƙa a rayuwata. Kowace na san gaba nawa ne zurfinta, wa ya sa aka haƙa, a wace irin ƙasa ruwa ya ɓullo. Ka roƙe ni ka rubuta, na hana, na ce abin da aka zuba a takarda kai yakan sake shi. Ba ka yi musu ba, sai ka shiga haddacewa. Ni kuwa hankalina ya kwanta, na ce na samu inda zan bar kayana.

Ba zan manta da rijiyar bayan makarantar firamare ba. Ka murza ƙasar da guga ya fito da ita, ka ce, "Baba, yau ba za ka sauka ba. Yashi ne ƙarƙashin yumɓun nan, kuma ya sha ruwa." Na ce, "Tun kana tsumman goyo nake shiga rami." Sai ka naɗe igiyar, ka zauna a kanta, ka ce, "To, sai dai ka ɗaga ni." Na zage ka tas a gaban mutane. Kafin la'asar rijiyar ta rufta. Ban ce maka na gode ba. Cewa na yi, "Tashi ka ba ni igiyata."

Bara ka tambaye ni, "Baba, abokan karatuna duk sun zama farfesoshi. Kana ganin na yi asarar karatuna?" Na ce, "Ja guga, surutu ya yi yawa." Ga amsarka yau, ko da ta makara: ba ka yi ba. Karatun nan ne ya zauna kan igiyata. Shekara bakwai da na ƙara a duniya, bayan ikon Allah, albarkacinsa ne. Na gode, Dakta.

Tulun da na zuba ruwana a ciki ya riga ni fashewa, laifin kuwa nawa ne da na hana ka rubutawa. Shekaranjiya na roƙi maiɗakinka littafin nan da na sa ka ajiye. Ta ɗauko, babu komai a ciki sai kwanan watan ranar da ka zo. Mun fara cika shi, ina faɗa 'yata na rubutawa. Mun kai rijiya ta goma sha tara. Allah ya ara mini kwana in kai ta ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya sa kowane guga da aka ja a rijiyoyinmu ya zame maka sadaka mai gudana. Ga mahaifiyarka, wadda ta yi kuka ranar da ka bar jami'a: Hajiya, ɗanki bai ɓata ba, ni shaida ne. Allah ya ba ki haƙuri, ke da maiɗakinsa da 'ya'yansa uku, ya sa mu cika da imani. Amin.