Tsohuwar Fuskar Balalaika

Sana'ata dillancin tsofaffin kayan gida ce a Gyadi-Gyadi: kujeru, firji, rediyo, duk abin da mai shi ya gaji da shi. Wanda kayansa ya lalace ma wurina yake zuwa, don na san hannun da zai iya gyara kowane iri.

Haka wani dattijon injiniya da ke zaune a Tarauni ya shigo shagona da wani abu naɗe cikin zane. Da ya warware sai ga abin kiɗa mai kusurwa uku, da dogon wuya, da tsirkiya uku. Ya ce sunansa balalaika. A Rasha ya yi karatu yana saurayi, ya dawo da mata 'yar can, ita kuma ta taho da wannan. Ta rasu da daɗewa. Zafin Kano ya tsaga katakon fuskar, in an taɓa tsirkiya sai dai ƙara kamar ƙudan zuma a gwangwani.

"So nake in sake jin muryarsa kafin kunnena ya ƙarasa mutuwa," in ji shi. Sai ya nuna mini wani gurbi kusa da ramin tsakiya, inda fenti ya goge, katakon ya ɗan lotsa. "Nan kuma yatsanta ne. Kada a taɓa."

Muka hau adaidaita zuwa Unguwar Gano, wurin wani mutumin kudu mai gyaran jitar coci. Ya juya abin, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki da tocila.

"Baba, wannan molon naku ya sha wahala," ya ce.

"Ba molo ba ne," in ji dattijon.

"To, ƙanin molo ne da ya je boko."

Injiniya ya yi dariya har da tari. Amma maganar da ta biyo baya ba ta dariya ba ce. Tsagar ta ratsa ta tsakiyar gurbin nan, katakon wurin kuma ya yi siriri kamar takarda, gam ba zai riƙe shi ba. Ko dai a cire fuskar a sa sabuwa ya yi kiɗa, ko a bar shi da yatsan, bebe.

Dattijon ya juyo gare ni. "Alhaji, kai me ka gani?"

Ni ɗan kasuwa ne. Na ce, "Baba, abin kiɗa don kiɗa aka yi shi. Firjin da ba ya sanyi ai kabad ne." Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, sannan ya ce a sa sabuwar.

Mai gyaran bai yi ha'inci ba. Irin katakon babu shi a kasuwanninmu, sai ya farke wata tsohuwar jita ya yanko fuskarta, ya fere, ya goge, ya haɗa. Ko ni da nake neman aibi a kaya don in rage farashi ban ga abin kushewa ba.

Ranar karɓa, Injiniya ya ɗaure tsirkiyoyin da kansa, biyu murya ɗaya, ta ukun sama da su. Ya kaɗa da yatsa. Sauti ya fito garau, har mai shagon ɗinki na gefe ta leƙo. Ya sake kaɗawa, ya karkata kunnensa mai ji, ya kuma kaɗawa.

"Yana da daɗi," ya ce. "Amma ba muryarsa ba ce. Nata ya fi wannan siririn sauti, kamar yana kuka yana dariya."

Mai gyaran ya ce katako da katako ba sa magana ɗaya, kuma ba abin da za a iya yi yanzu. Da a ce firji ne, da na san abin faɗa.

Dattijon ya tambayi tsohuwar fuskar. Mai gyaran ya ɗauko ta daga kan kantar shagonsa, ta rabu gida uku wajen cirewa. Injiniya ya jera su a cinyarsa har gurbin ya haɗu, ya sa cikin zanen da ya zo da shi, ya naɗe.

Na miƙa masa balalaikar. Ya ce in riƙe a shago, zai aiko a ɗauka.

Bai aiko ba. Daga baya na ji 'yarsa ta zo ta tafi da shi Abuja. Abin yana rataye a bayan teburina, kuma duk wanda ya taya ina ce masa da mai shi.