Ruwan da Bello Japan Ya Jira

Duk wanda ya san Bello Japan ya san ba ya tafiya yana kallon gabansa. Kansa kullum a sama yake, ya karkata gabas, yana duba ko hadari ya taso. Da damina ya duba, da tsakiyar rani ma ya duba. Ramukan da ke tsakanin Ƙofar Dundaye da kasuwa babu wanda bai san ƙafarsa ba, kuma ni da idona na ga ya yi karo da akuya, ya rusuna mata irin gaisuwar mutanen Japan, ya ba ta haƙuri, ya wuce. Ni ne Ummaru mai yadi, abokinsa tun muna makarantar allo, kuma ni ne ya ƙarar wa ƙuruciya da fim ɗin nan nasa. Don haka in kun ji ina yi masa tsiya, ku bar ni, ina da haƙƙi.

Asalinsa ma'aikacin ruwa ne. Aka tura shi Japan kwas na gyaran injin famfo, wani ya ja shi wurin wasa, ya ga mutum yana kaɗa jita yana waƙa. Tafinta ya gaya masa mutumin nan marubucin littattafan labari ne, kuma yana shirya fim, duk shi kaɗai. Bayan an tashi suka gaisa, zaman da bai wuce a sha shayi ba. Bello ba ya jin yarensu, mutumin ba ya jin Hausa, amma har ya koma ga Allah "malamina na Japan" yake ce masa, yana jingina masa maganganun da na tabbata bawan Allah bai taɓa yi ba. An tura shi ya koyo famfo, ya dawo mana da jita da niyyar zama mutum uku.

Da littafi ya fara. Na karanta shi don abota, kuma Allah ya gani na sha wuya. Wani mutum ne yake zaune bakin gulbi yana tunani. Ka juya shafi, yana nan zaune. Ba aure, ba faɗa, ko ɓarawo bai gilma ba. Babu wanda ya saya, sai kwalaye suka cika masa ɗaki, har matarsa Inno ta gaji ta fara rage su a ɓoye. Wata safiya muka tsaya sayen ƙosai a Gidan Igwai, aka naɗe masa a takarda, ya duba, ashe littafinsa ne. Na ce yau akwai rigima. Ya tsaya ya karanta shafin tsaf, mai yana bin yatsunsa, sannan ya dubi mai ƙosan ya ce, "Baiwar Allah, ba hushi ni kai ba. Amma ki riƙa yagewa bi da bi. Wanda yas sayi ƙosai jiya yab baro labari ga farko, yau kin kai shi tsakiya." Daga baya har alfahari yake yi wai a Sakkwato babu marubucin da ake karantawa da sassafe kamarsa.

Waƙar ce ta jawo abin da ba na dariya ba. An taɓa gayyatarsa biki a Arkilla, don an ji yana da kayan kiɗan zamani. Aka zaci zai wasa ango da iyayen amarya. Bello ya ce shi ba maroƙi ba ne, malaminsa na Japan bai taɓa kiran sunan kowa a waƙa ba. Ya zauna ya rera wata doguwar waƙa kan yadda kowa zai kwanta shi kaɗai a kabari. Uwar ango ta fashe da kuka, 'yan matan amarya suka sulale, aka kashe janareta don a rabu da shi. Bai fasa ba, ya ƙarasa ba lasifika.

Labari ya kai kunnen wansa, Malam Attahiru, wanda ke ba da karatu a zauren gidansu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Gidan malamai ne kaka da kakanni, ba a taɓa jin ɗan gidan ya riƙe abin kiɗa ba. Malam ya kira shi gaban ɗalibai ya ce ya zaɓa, ko jita ko zauren nan. Bello ya ce duka yake so. Malam ya mai da idonsa kan karatu, shi ke nan. Daga ranar Bello bai sake taka zauren ba. Kowace Juma'a zai tsaya daga waje ya yi sallama, Malam ya amsa daga ciki, don amsa sallama wajibi ce, amma ba ya cewa shigo. Bello ya ɗan jira, ya rusuna wa ƙofa, ya juya. Mu muna dariyar rusunawar, ba mu lura da jiran ba.

Sai fim. Labarin wa da ƙane ne da suka daina magana, kuma duk wautata na gane inda ya samo shi. Ni ne ƙanen, Ladan mai hatsi ne wan. Muka ɗauki komai a rani guda, saura fitowa ta ƙarshe: ruwa ya tsuge, ƙanen ya shiga zauren wansa ya fake, don ba a korar wanda ya fake wa ruwa. Ya zauna, sai ya faɗi wata magana. Wace magana? Bello ya ƙi gaya mana. Bai rubuta ta ko'ina ba, ya ce tana kansa, sai ranar da ruwa ya sauko zai raɗa mini, don kada in haddace ta ta yi tsami a bakina.

Na ce abu mai sauƙi, ai kai ma'aikacin ruwa ne, a kawo tanka a fesa. Muka yi masa dabara ni da Ladan, muka sa aka kawo tankar, direba ya hau sama da tiyo. Bello ya tara hannu, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ruwan ga ƙarya shi kai. Ba shi da ƙamshin ƙasa."

Na ce masa kyamara ba ta jin ƙamshi.

"Kai kana ji," in ji shi, "kuma huskarka za ta hwaɗi."

Aka mai da tanka, ni kuma na koma gida a jiƙe a banza.

To, ku da kuka san damina a garin nan ku yi mini alƙalanci. Ruwan farko ya sauko, muka ruga, babu Ladan, ya tafi gona shuka. Wane mai hankali zai tsaya wasan kwaikwayo ranar shuka? Na biyu ya zo da iska ya kwashe kwanon zauren da muka ara. Wani ya zo batir ba caji. Wani ya zo daidai, kowa na nan, Bello ya ɗaga kai ya ce ya cika ƙarfi, shi mai taushi yake so, wanda za a ji magana a cikinsa. Kafin ya yi taushi ya ɗauke. Haka damina ta bi damina. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, yara suka koma kallo a waya, mu muna nan muna kallon gabas.

Ni na fi kowa shan wahala, don dole in kasance yadda nake a farkon fim. Shuɗin kaftanin da na sa a fim ɗin, Bello ya hana ni sawa ko bayarwa, yana ƙasan akwati. Yakan biyo rumfata ba don gaisuwa ba, sai don ya duba tumbina. Ya taɓa ɗauke kwanon fura daga gabana a gaban masu ciniki ya shanye, wai taimakona yake yi. Da furfura ta fito mini ya zo da baƙin shuni a leda. Ranar na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce littafinsa ya ƙare a ƙosai, waƙarsa ta kori biki, malaminsa na Japan ko a mafarki bai san da shi ba, ya faɗi maganar nan kowa ya huta. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Yi hanƙuri, Ummaru. In ba ruwa, mi za ya shigar da shi zauren?"

Da bazara Bello ya rasu, ana tsananin zafin nan da ke zuwa gab da damina. Ya dawo daga masallaci da azahar, ya ce wa Inno gabas ta fara duhu, ya kishingiɗa, shi ke nan.

A zauren Malam Attahiru aka yi zaman makoki. Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, sai ga ruwa. Ba iska, ba tsawa, mai taushi, ƙasa na ƙamshi. Na dubi Ladan, ya dube ni. Ga wa, ga ƙane, ga zaure, ga ruwan da aka yi ta jira, babu mai raɗa mini komai. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Malam ya tsufa sosai, ido ya yi rauni. Ya sa aka matso da ni kusa da shi, ya ce ya ji ni ne ƙanen a wasan Bello, in gaya masa yadda ya ƙare. Na ba shi labari har inda ƙanen ya shigo fakewa ya zauna.

"Sai yac ce mi?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ban sani ba. Bai hwaɗa ma kowa ba."

Malam ya fuskanci ƙofa, inda ruwa ke zuba daga indararo, daidai wurin da Bello yakan tsaya. Can ya ce, "Kullum ni ka amsa sallamatai, ina jiran shi ɗago ƙahwa shi shigo. Ko da rani yaz zaka, wa za ya kore shi?"

 Kaftanin yana nan a akwati, ba ya shigata yanzu, kuma na kasa bayarwa.

Allah ya jiƙanka, Bello. Allah ya yafe maka, ya yafe wa Malam, ya sanyaya makwancinka da ruwan rahama mai taushi irin wanda kake so. Ranar da ka isa ƙofar Aljanna ka yi sallama, Allah ya sa a ce maka shigo.