Watandar da muka yi a kan ɗigon antibodi

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina digiri na biyu a Aliero, na ɗauko aikin da ya fi ƙarfina, kuma kowa ya gane haka ban da ni. Bincike ne a kan sankarar mama. A cikin ƙullutun cutar akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da su ne irinta. Ko an yanke, ko an yi magani, in sun tsira sai abin ya sake tohowa, kamar yadda ciyawa ke dawowa in ba a cire saiwarta ba. Su nake son gani da idona.

Ba haka kawai na zaɓi aikin ba. Goggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Liba, an yanke mata mama ɗaya a shekarar. Tana cikin matan da suka yarda a ba ni ɗan abin da aka cire musu. Ranar da ta dangwala yatsa a takarda, sharaɗi ɗaya ta kafa mini, wai in nuna mata abin da ya ci mata jiki haka. Ni kuwa da saurin baki na ce an gama.

Matsalar ita ce ƙwayoyin ba sa ganuwa sai an ɗiga musu wani ruwa da muke kira antibodi, wanda ke manne musu ya rina su. Ba a yin sa a nan, sai an yi oda daga waje. Kwalba mafi ƙanƙanta ba ta kai ɗan yatsana ba, ruwan ciki bai fi hawaye biyu ba, amma kuɗinta ya kai na bijimi. Abin haushin, kashi ɗaya cikin huɗu nake buƙata. Na rubuta wa dillalai har na gaji, kowa ya ce ba a fasa kwalba. Malamin da ke duba aikina ya ba ni zuwa ƙarshen damina, in ban samo ba in canja bincike.

Na koma gida Jega ina kumbure-kumbure. Mahaifina mahauci ne, kuma a lokacin ina ganin duk abin da ya shafi ɗakin gwaji ya wuce saninsa. Ya tambayi abin da ke damuna, na ba shi amsa da guntun Turanci don ya ƙyale ni. Bai ƙyale ni ba. Sai da ya sa na maimaita da Hausa, yana wasa wuƙarsa yana saurare.

Da na gama ya ce, "To ke ɗai ta ka biɗar abin ga duk ƙasag ga? Wa kit taɓa gani ya kada sa shi ɗai don shina son miyar kwana guda? Ku yi watanda mana."

Na yi dariya, irin dariyar rainin nan. Amma kafin mota ta kai ni Aliero dariyar ta ƙare, lissafi ya fara. Na rubuta a zauren ɗalibai na waya cewa ina neman abokan watanda. Aka yi ta tsokanata, wani ya ce a ajiye masa hanta. A cikin mako biyu kuwa muka cika huɗu: ni, ƙawata da muke ɗakin gwaji ɗaya, wani ɗalibi daga Sakkwato, da wata daga Birnin Kebbi. Ashe kowa na zaune da ciwonsa, ya yi shiru.

Kafin kayan su iso mahaifina ya karanta mini dokoki, ya ɗauki abin da gaske kamar shi ne malamin. Kowa ya kasance a wurin ranar rabo. A kasa a gaban idon kowa. Sai ta ƙarshe, wadda ya maimaita har sau biyu: wanda ya kasa ba ya zaɓe, abin da ya rage shi ne nasa.

Kwalbar ta iso cikin ƙanƙara, a kwalin da zai ɗauki buhun gishiri. Muka taru. Da yake ni na haɗa tafiyar, ni aka ba rabo. Na zuƙi kashi na farko da ma'auni na zuba a ƙaramar kwalba, haka na biyu, na uku, duk daidai. Da na zo na huɗu sai na ji ma'aunin ya ja iska. Wani abu daga ruwan ya maƙale a jikin kwalbar da murfinta, na ƙarshen bai cika ba, ya yi kusan rabi.

Zan faɗi gaskiya tunda abin ya wuce. Babu wanda ya lura. Ƙananan kwalaben iri ɗaya ne, ido ba ya bambance ɗigo da rabin ɗigo. Hannuna har ya nufi ta farko. Sai na ji kamar mahaifina na tsaye a bayana da wuƙarsa. Na ce musu na ƙarshen ya gaza, kuma nawa ne. Suka ce a sake haɗawa a raba, na ƙi, don kowace zuƙa ƙara asara take yi. Na fita bayan ɗakin na yi kukana, ina jin haushin mahautan Jega gaba ɗaya.

Abin da na samu bai isa duka matan ba. Na bi su bisa lambar da suka zo, ta goggo kuwa ita ce kusa da ƙarshe. Na so in tsallako da ita gaba, amma wadda zan tura baya ma goggon wani ce. Ruwan ya ƙare saura mata biyar, har da goggo. Ranar kasuwar Maiyama na hango mijinta, na ɓuya bayan masu albasa don kada ya tambaye ni.

Ana cire gero, saura kwana goma wa'adina ya cika, mahaifina ya kira ni da hantsi. Ya ce wani direban Sakkwato ya ba shi saƙona a tasha, fulas ɗin shayi cike da ƙanƙara. Ɗalibin nan ne ya gama nasa ya aiko ragowar. Ashe sun yi magana su uku ban sani ba, kowa ya tsimi nasa. Ta Birnin Kebbi ta aiko washegari, ƙawata kuma ta miƙo mini nata tana hararata, wai da na ɗauka su ba 'ya'yan mutane ba ne?

Mahaifina bai yarda ya ba kowa fulas ɗin ba. Da kansa ya kawo Aliero, ya riƙe shi a cinya. Ya ce, "Ga naman ku, Dakta. Ni dai ban taɓa ganin san da anka yanka ba jini ba."

Bayan kwana uku na leƙa madubin da ke ƙara girman ƙwayoyi, na gan su. 'Yan ɗigo masu ruwan ƙasa, a warwatse a gefen ƙullutun. Na ɗauki hoto na hau mota zuwa Liba.

Binciken bai warkar da kowa ba, ban kuma taɓa cewa zai yi ba. Likitoci ne suka yi wa goggo aiki, Allah ya ba ta lafiya, tana nan tana kiwon awakinta. Amma zauren nan na waya har yau yana raye, ya cika da ɗaliban da ban taɓa gani ba, kuma duk mai son yin oda sai ya fara tambaya ko akwai mai shiga. Ni kuma na daina yi wa mahaifina Turanci in ya yi tambaya.

Ranar da na kai hoton, goggo ta karɓi wayar ta kai kusa da ido ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi kuka, ni ce ma na fara. Ta miƙo mini ta ce, "Ashe 'yar mitsitsiya ta. To, ɗiyata, tunda kun ga huskarta, kar ku bari ta ɓace muku."