Ƙofar da Zosima Ta Buɗe

A birnin Izmirna, a zamanin da, kowa ya san Zosima mai wankin ulu, ko don bakinta. Ranar farko ta mako, idan mabiya Almasihu suka taru a gidan wani mai sayar da man zaitun, ita ke tsaron ƙofa. Bawa ne, Bayahude ne, matar attajiri ce, maganarta ɗaya: "Shigo, Mai gidan, Almasihu, bai ware kowa ba." Sai ta durƙusa ta wanke wa mata ƙafa, tana yi musu tsiyar faso.

Ba ta taɓa haihuwa ba. 'Yarta Harita a jujin bayan gari ta tsince ta, inda ake yar da jariran da ubanninsu suka ƙi ɗagawa daga ƙasa, alamar ba su karɓe su ba. Da nonon akuya ta raine ta. Doka kuwa, Allah wadai da ita, cewa ta yi duk ranar da iyayen jini suka zo, yarinya tasu ce.

Harita ta isa ɗaukar tulu ke nan, wata safiyar taro wata mata ta tsaya a ƙofa da mayafi mai tsada, ido duk a kumbure. Kallo ɗaya Zosima ta yi mata ta gane ko wace ce. Goshin Harita ne sak, har da wushiryar.

"Baiwar Allah, an ce nan ba a korar kowa," in ji matar. "Mijina ya rasu. Akwai jaririyar da ya sa aka yar, na rasa inda zan kai kukana."

Harita tana ciki tana jera gurasa. Zosima ta san in ta ce yau ba taro, matar za ta juya, kuma ba mai sani har abada. Ta ƙanƙame ƙyauren har yatsunta suka sage.

"To tsayuwar me kike yi kamar an dasa ki?" ta ce. "Shigo, 'yar'uwa. Miƙo ƙafar nan."

Tana wankewa hawayenta na ɗiga a kwanon. Matar ta zaci tausayinta take ji.

Ba a kai ga karya gurasa ba matar ta hango yarinyar, ta ƙwalla ƙara. Dattawan taro sun yi roƙo har sun gaji. Dangin matar suka zo da shaidu, kafin wata ya mutu aka sa Harita a jirgin ruwa zuwa garinsu. Tana ta ihu, "Inna! Inna, ki gaya musu!" Zosima tana tsaye a bakin ruwa har jirgin ya ɓace.

Daga ranar ta daina tsokanar kowa. A wurin wanki ƙawarta Melita ta dafa ta.

"Kayya, Zosima. Da kin gane ta ai da kin rufe."

"Na gane ta fa. Tun kafin ta buɗe baki."

"To me ya kai ki?"

Zosima ta daɗe tana matse ulun da ba sauran ruwa a jikinsa.

"Ƙofar ba tawa ba ce, Melita," ta ce. "Yarinyar ce tawa."