Dilan da Ya Shiga Harami

Tashi daga Madina

Ana idar da asuba muka bar unguwar Baba Hamza a wanet, wato a-kori-kura, ta ɗansa Yusufu. Baba Bahaushe ne, an zo da shi Hijaz a goye, ya tsufa yana kiwon awaki a bayan dutsen Uhudu. Ni ɗalibi ne da ke cin tuwon Juma'a a gidansa. Na biyo su ne da zuciya cike da mafarkin jarumta, har ina ganin dutsen ya yi ja kamar tafin amarya.

Dila ne ya addabi garken. Yusufu, da ke aiki a Yanbu, ya riga ya yanke magana.

“Halas, shi ke nan, Abuya. In yau bai faɗi ba, a sayar da awakin, ka biyo ni Yanbu.”

“In mutu a bakin teku, a binne ni nesa da Baƙi'a?” in ji Baba. “Tuƙa motarka, ya walad.”

Bayan Uhudu

Wani askari ya tsayar da mu, ya duba takardar bindiga, ya ce mu wuce. Mun sauka a garke gari na wayewa, muka karya da gurasar tamis da shayi. Baba ya nuna mini wani ɗan jan tsauni ta kudu, ya ce iyakar haramin Madina ke nan.

Muna laɓe Baba ya dafa haƙarƙarina. “Ɗan malam, nan ake nema, bayan kafaɗa. In ka sami huhu, ba ya wuce jifan dutse. In ka sami ciki, sai ya yini yana gudu da mutuwarsa.”

Dilan ya fito, siriri, mai launin ƙasa. Na ga Baba yana murza idonsa na dama. Bindiga ta tashi. Dabbar ta gantsare, ta ciji gefenta, ta yanki kwari.

Bin sawu

Jinin da muka tarar baƙi-baƙi ne, babu kumfa, ga wari. Baba ya taɓa, ya shinshina: ciki harsashin ya samu. Yusufu ya kawar da kai.

Har hantsi ya dubi ludayi muna bi. Jini ya koma ɗigo, ɗigo ya koma jan ƙafa a yashi. Inda ya kwanta ya tashi mun gani wuri-wuri. Ruwanmu ya ƙare, ƙirjin Baba yana kuka kamar tsohon zugazugi. Jarumtar da na taho da ita ta tsiyaye tun a kwarin farko.

Gindin tsauni

Dab da azahar muka hango dilan. Ya wuce jan tsaunin nan, ya zauna a inuwar ƙaya yana haki, yana kallonmu. Ko ni da ban iya harbi ba, zan same shi.

“Yalla, Abuya, ƙarasa shi!”

Baba ya sauke bindiga. “Ya shiga harami.”

Na ce, “Baba, malamai da yawa sun halatta kashe mai ɓarna ko a harami.”

“Na sani. Amma ban taɓa tayar da bindiga a makwabtakar Manzo ba. Wurin da nake roƙon a bar ni, shi ma can ya gudu. In fitar da shi da harsashi?”

Dilan ya ja jiki ya shige duwatsu. Baba ya cire harsashin, ya miƙa wa Yusufu bindigar da hannu biyu.

Komawa

Muka shiga mota, muka kama hanyar gida. Da hasumiyoyin masallaci suka bayyana, Baba ya ce a rage gudu, ya yi ta kallo. Mun iso gida da la'asar lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Yusufu da ya kai ni, da Baba da ya riƙe ni ɗa. A ƙofa ya kama hannuna ya ce, “In ka wuce Baƙi'a, ka riƙa yi wa na kwance a can sallama da sunana. Ka ce na so zuwa.”