Tsatsar Badaru

Badaru manomi ne ɗan manomi daga wani ƙauyen Ɗambatta, amma karatu ya kai shi jami'a. Aikinsa shafa wa ƙananan gilasai tsatsar ƙarfe wadda kaurinta bai kai ɓawon albasa ba, ya kusanto da mayen ƙarfe, ya auna yadda take karkatar da haske da yadda lantarki ke ratsa ta. Kullum ba wuta, kullum inji a lalace. Da ƙyar da siɗin goshi ya samu 'yan gilasan kirki.

Shekarar da taki ya gagari talaka, yajin aiki ya rufe jami'ar. Ya kwaso gilasansa a gwangwani, ya koma gida noma.

Ran nan ya dawo daga gona, ya tarar mahaifiyarsa, Inna Huseina, ta dirje gilasan da toka, ta shanya a faifai, sun yi fes.

"Kayan karatu guda ka bari suna tsatsa?" in ji ta. "Abin kunya!"

Duk wahalarsa ta bi toka. Wa zai yi wa faɗa?

"Sannu da aiki, Inna," ya ce, ya saɓi fartanyarsa ya juya.