Murfin gangar Kawu

Shekarar da aka kawo wa makarantarmu injin nan mai buga kayan roba a Tahoua, ni aka ɗora wa koyonsa, wai don ni ne malamin lissafi. Ɗan ƙaramin abu ne bisa tebur. Ka zana abin da kake so a kwamfuta, shi kuma ya narka zaren roba yana jera shi layi bisa layi har abin ya tashi. Haka aka faɗa mini. Ba wanda ya ce farantin da yake jerawa a kai zai ƙi riƙe robar, ko a ɗauke wuta aiki na tsaka, ka tarar da wani curi kamar taliyar da ta kwana.

Bakina ne ya ja mini. Na je Tebaram gaisuwa, na cika wa Kawu baki, shi kuwa ya baza wa gari cewa ɗansa na da injin da ke haihuwar kaya. Ashe murfin gangar da yake ɗauko ruwa da ita a amalanken jaki ya ɓata. Da tsumma yake toshewa, kafin ya iso gida daga rijiya ruwan ya zube da yawa a hanya.

Bayan na koma, ya aiko direba da awo wai in yi masa murfi: siririyar fata, daidai zagayen bakin gangar. Na auna, na zana, na yi ta fama har murfi ya fito sumul, na aika masa. Saƙo ya dawo wai ya yi kaɗan, ga sabuwar fata. Na zagi injin, na kwance shi na ɗaure, na sake bugawa. Wannan ma kaɗan. Raina ya ɓaci sosai, har gaisuwar mutane na daina amsawa da kyau.

Da na gaji na shiga mota zuwa Tebaram da abin awona. A gabana Kawu ya nuna mini yadda yake yi. Jiƙa fatar yake ta yi laushi, ya naɗa a bakin gangar, ya yanke. Kafin ta iso Tahoua a zafin mota ta bushe ta ƙanƙance. Ni kuwa in zauna ina awon ta har da rabin milimita.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai awakinsa suka shigo. Murafun da na aika masa ne a wuyansu, an huda an zura igiya. Maƙwabcin da ke zaune wurin ya fara roƙo a yi masa irinsu, wai alamar awaki ta zamani.

Da ya fita, Kawu ya rage murya.

"Ban hwaɗi ma kowa na ganga na ba, ɗana. Ca na yi don awaki ka yi su."

Na waiwaya na dubi gangar. Ƙasar da ke ƙarƙashinta a jiƙe take sharkaf.